Wanda Zai Karanta Tarihin Malam Kalibu

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar Wuro Patuji ta garin Mubi ya san Malam Kalibu ko da daga nesa ne. Dogo ne siriri, kullum cikin kwat ruwan ƙasa da laktaye, ko da kuwa ana zafin da awaki ke rige-rigen shiga ƙarƙashin mota. Jakar fata a hammata, yana tafe yana gyaɗa kai shi kaɗai, wai tunani yake yi. In kana son ka ɓata masa yini, kira shi malamin tarihi. Zai tsaya cak, ya dube ka ta saman tabarau, ya ce shi ba tarihi yake koyarwa a kwalejinsu ba, falsafar tarihi yake koyarwa. In tsautsayi ya sa ka tambayi bambancin, to ka manta da inda za ka.

"Malamin tarihi yana gaya maka abin da ya faru," haka yake farawa. "Ni kuwa tambayata ita ce, wa ya ce ya faru, kuma me ya sa yake son ka yarda?"

Tambaya ce mai kyau, ban ƙi ba. Matsalar dai bakin da take fitowa daga ciki.

A Kwaja aka haife shi, can cikin duwatsu, su biyu wurin uwarsu, yayansa Ya'akubu da shi. Ubansu ya rasu Kalibu bai gama firamare ba. Ya'akubu ya ajiye nasa karatun ya ɗauki fartanya, gyaɗa da dawa suka kai ƙanen sakandare, suka kai shi jami'a. Daga baya Ya'akubu ya sauko Wuro Patuji ya kafa injin niƙa a ƙofar gida, ya samu wata tsohuwar a-kori-kura yana ɗaukar buhuna, ya ɗauko tsohuwarsu ta zauna a wurinsa. Mutum ne wanda kullum girarsa fari fat da gari, ga shi ƙarar inji ta taɓa masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. In Kalibu yana zuba bayani, Ya'akubu ba ya jin rabi, ragowar rabin kuma ba ya ganewa, amma zai juya ga matan da ke layin niƙa ya ce, "Ƙanena ne fa," baki har kunne.

A shekarar da aka raba Gongola aka yi jihar Adamawa, wato 1991, Kalibu ya dawo gida da digiri da kuma aƙida. A lokacin abin da ya yarda da shi shi ne tarihi kogi ne, kogin da ya cika ya tumbatsa, mutane kuwa karmami ne a kansa. Babu wanda ke yin komai, ruwa ne ke tafiya da kowa. Ya samo wannan ne wurin wasu Turawa da suka mutu tun ba a haifi kakansa ba, yana kuma kiran sunayensu kamar tare suka yi kiwon awaki. Ranar da aka yi masa walimar dawowa, tsohuwarsu ta dama kunun gyaɗa cikin babbar tukunya, shi kuwa ya tashi ya shaida wa baƙi cewa ƙirƙirar sabuwar jiha ta tabbatar da abin da ya rubuta a jarrabawarsa ta ƙarshe. Aka tafa masa, aka koma kan kunu.

Bayan wasu shekaru ya je wani taron ƙara wa juna sani a kudu, ya dawo da sabuwar aƙida, ya jefar da tsohuwar ba ko sallama. Yanzu kuma wai babu gaskiya guda a tarihi, labarai ne kawai, kowa da nasa. Ɗalibansa suka haddace wannan kamar yadda yayyensu suka haddace batun kogi, suka rubuta masa a jarrabawa, ya ba su maki. Babu wanda ya lura cewa aƙidun biyu, duk da ba sa ga maciji da juna, a wuri ɗaya suke saukar da mutum: in ruwa ne ya tafi da kai ba ka da laifi, in kuma ba a san abin da ya faru ba, nan ma ba ka da laifi. Malam Kalibu bai taɓa ɗaukar aƙidar da za ta tambaye shi inda yake ranar kaza ba.

Da aka cire tarihi daga darussan ƙananan makarantu, ɗalibai suka ƙaurace wa sashensu. Wa zai karanta abin da ba za a ɗauke shi aikin koyar da shi ba? Aji ya koma 'yan tsiraru, galibinsu waɗanda wasu sassan suka ƙi. Kalibu ya ji zafin wannan da gaske, kuma a nan kam yana da gaskiya. Ya sha faɗa a ɗakin malamai cewa mutanen da ba su da mai faɗin abin da ya same su, maƙwabta ne za su faɗa a madadinsu, kuma ba za su faɗa da daɗi ba. Sai ya koma ga littattafansa. Duk wata sai ya sayo, sabo da na gwanjo, yana jera su cikin kwalayen sabulu da na taliya a falo, har matarsa Selina ta rasa inda za ta ajiye kujera ta uku. Ɗansu guda, Eric, ya girma yana tsallake kwali kafin ya kai ga ƙofa, da ya gama makaranta kuwa ya tsallake har Legas.

To, a ikilisiyarsu akwai wata al'ada da suka sauko da ita daga dutse. In mutum ya rasu, ranar sujadar tunawa da shi wani zai tashi gaban jama'a ya karanta tarihinsa: inda aka haife shi, abin da ya yi da hannunsa, yadda ya zauna da mutane, da yadda ya mutu. Matar mamaci ba ta karantawa, 'ya'yansa ma ba sa karantawa, don an ce ƙauna za ta rufe musu ido. Ɗan'uwansa ne ke yi, in babu, ɗan ɗan'uwa ko 'yar ɗan'uwa. Kuma sau ɗaya ake yi. Abin da aka faɗa a ranar shi ne ya zauna, da shi za a riƙa kiran mutum, da shi za a dubi 'ya'yansa ranar neman aure.

Malam Kalibu ya raina wannan al'ada iyakar raini. Tatsuniyar gawa yake kiranta. Yakan zauna a bencin dattawa, don har dattijon ikilisiya aka naɗa shi saboda iliminsa, yana ɗan murmushi ta gefen baki yayin da wani manomi ke in'ina a kan shekarar haihuwar yayansa. In an fito sai ya ja wani gefe ya ce, "Ka ji ko? Babu hujja, babu nazari. Mu har yanzu ba mu shiga tarihi ba, muna bakin ƙofa."

Tarihi kuwa ya zo ya same shi har gida, a ƙarshen watan Oktoba na 2014, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi.

Da hantsi ne harbi ya matso. Unguwa ta watse, kowa da abin da ya iya ɗauka a ka. Matar Ya'akubu, Susana, da 'yarsu Winifred ba sa gari, sun je Maiha taya dangin Susana girbi. Ya'akubu ya tayar da a-kori-kura ya fara biyawa ta gidan ƙanensa, don shi ne ya fi kusa da inda ƙarar ke fitowa. Ya tarar da Kalibu cikin kwat, gumi sharkaf, ya riga ya fito da kwalaye ƙofar gida. Babu lokacin gardama. Suka loda, kwali kan kwali, har bayan motar ya cika ya yi tozo, Selina ta hau can sama ta riƙe igiya. Sannan suka nufi gidan Ya'akubu ɗaukar tsohuwa.

Tsohuwar tana fama da shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya zama, sai a kwance. Ya'akubu ya fito da katifarta a kafaɗa, ya dubi bayan motar, ya dubi ƙanensa.

"Kalibu, a sauke rabi. Katifa kawai za ta shiga."

"Yaya, ka tsaya ka yi tunani," in ji Kalibu, ya ɗaga murya don kunnen yayan. "Tsohuwa ce, ba wanda zai taɓa ta. Littafi kuwa shi suka zo ƙonawa. Aikin rayuwata ne wannan. Kai mu Kwaja ka dawo, ai ba nisa."

Ka ji fa. Ko a wannan rana bai rasa hujja ba, kuma hujjar har da ɗan ƙamshin gaskiya. Ya'akubu ya tsaya da katifa a kafaɗa. Tun suna yara bai taɓa cin ƙanensa a magana ba, ya kuma saba ɗauka cewa in mai ilimi ya ce abu, akwai abin da ya hango. Daga cikin ɗaki tsohuwa ta ce da yaren gida su tafi, kada su tsaya surutu, Ya'akubu ya dawo ya ɗauke ta. Selina daga saman kwalaye ta buɗe baki, ta dubi mijinta, ta mayar ta rufe. Ya'akubu ya mayar da katifa ciki, ya ajiye wa uwarsa ruwa kusa da hannunta mai lafiya, ya ja ƙofa.

Ya sauke su a Kwaja, ya taya ƙanensa shigar da kwalaye rumbun wani kawunsu don kada raɓa ta taɓa su. Ya kira Susana a waya ya ce mata zai koma ɗauko Mama. Daga nan ya juya. Duk mutanen Wuro Patuji da ke kan hanya a ƙafa, da yara a goye da tabarmi a ka, sun ga a-kori-kurar Ya'akubu babu kowa a bayanta tana komawa gari, kowa na fita shi yana shiga. Ya shiga, hanya ta rufe a bayansa.

Makonnin da garin ya yi a hannun mutanen nan, 'yan tsirarun da suka maƙale sun riƙa jin injin Ya'akubu yana aiki. Masu bindiga na kawo hatsi, yana niƙawa. Me zai yi, da uwa kwance a ɗaki? Tsohuwar ta rasu a cikin kwanakin, shi kaɗai ya haƙa ya binne ta a bayan gida. Da aka ƙwato garin, mutane suka fara dawowa, sai aka tsinci gawar Ya'akubu a bayan ɗakin injin. Ba harsashi a jikinsa, duka ne. Har yau babu wanda ya ce ya ga waɗanda suka yi.

Magana kuwa ta riga gawar shiga ƙasa. Wai dama nasu ne. Wai shi ke ciyar da su tun kafin su shigo. Susana ta yi ta rantsuwa cewa uwarsa ya koma ɗaukowa, sai a ce mata, "To, Maman Wini, mutum da mota guda, me ya hana shi ɗaukar uwar tasa tun tafiyar farko?" Wannan kam ba ta san dalilinsa ba. Ba ta wurin. Mutum biyu ne a duniya suka san amsar, kuma a gida ɗaya suke kwana.

Mata suka daina kawo niƙa. Sukan wuce ta gaban injin da kwano a ka, su tafi har wata unguwa. Winifred, budurwa mai shirin shiga makarantar koyon jinya, ta daina zuwa ƙungiyar mawaƙa tun ranar da ta zauna a benci sauran suka matsa. Dattawan ikilisiya kuma suka yanke cewa duk shekara a watan Oktoba za a riƙa kiran sunayen 'yan'uwan da aka rasa a rikicin, a yi musu addu'a. Da aka zo kan Ya'akubu sai aka ce a jira a ji tarihinsa tukuna. Mai karantawa kuwa sananne ne.

Susana ta zo gidan Kalibu ana saura 'yan kwanaki a yi sujadar tunawa da mijinta. Ta durƙusa a falo, tsakanin kwalayen da aka dawo da su daga Kwaja lafiya lau, ko kusurwa ɗaya ba ta jiƙe ba.

"Baban Eric, kana cikin motar," ta ce. "Ni ban san abin da ya faru ba, kuma ba na neman a yi masa ƙarya. Ka gaya wa mutane dalilin da ya sa aka bar Mama. Kai za su yarda da kai."

"Rana ce ta ruɗani, Maman Wini."

"Na sani. Ka faɗi abin da ka gani kawai."

"Ki bar min. Wannan ai fagena ne."

Kada a zalunci Kalibu, ya yi niyya. Ya tsaya gaban madubi ya gwada maganar, ya ga ashe gajeruwa ce: littattafaina ne suka cika motar, ni na hana a sauke. Yaro ɗan aji biyu zai iya faɗinta ba tare da ya ja numfashi ba. Ya gwada ta da Hausa, ya gwada da Turanci, ya ga a kowane harshe ba ta yi masa kyau da kwat ba. Yana son yayansa, wannan ba ƙarya ba ne, yakan ma yi hawaye in ya ji ƙarar injin niƙa a wata unguwa. Amma tsoron kunya ya fi son ƙarfi.

Ranar sujada coci ya cika, har da waɗanda ba su taɓa gaishe da Ya'akubu ba, kowa ya zo jin yadda za ta kaya. Malaman kwaleji sun zo, tsofaffin ɗalibansa sun zo. Fasto Andrawus, tsoho mai sanyin murya wanda shi ya ɗaura auren Ya'akubu da Susana, ya miƙa masa makirufo.

Farko ya yi kyau. Ya faɗi Kwaja, ya faɗi mutuwar ubansu, ya faɗi fartanya da gyaɗa, har muryarsa ta yi rawa da ya ce wannan mutum ne ya saya masa takalminsa na farko. Mata suka fara share ido. Susana ta kama hannun 'yarta. Sai ya iso ranar. Ya ɗaga kai ya ga shugaban sashensu a benci na biyu, ya ga ɗaliban da ya shekara yana gaya musu darajar littafi. Ya gyara tabarau, ya gyara murya, muryar aji ta fito.

"Game da abin da ya faru a wannan rana," ya ce, "akwai ruwayoyi mabambanta. Dole mu yi hattara. Masana sun nuna cewa shaidar ido ita ce mafi rauni a cikin hujjoji, domin ido ba ya ganin abu, fassara shi yake yi. Ni kaina da nake wurin, ba zan iya ce muku ga abin da ya faru ba. Abin da zan iya ba ku fahimtata ce, fahimta kuwa 'yar zamaninta ce. Shin marigayi ya zaɓa ne, ko kuwa guguwar zamani ce ta zaɓa masa? Shin ma akwai abin da ake kira zaɓi a irin wannan hali?"

Haka ya yi ta yi. Ya dawo da kogin nan da ya jefar tun shekaru, ya haɗa shi da batun kowa da labarinsa, ya dama su wuri guda. Tsofaffi ba su gane ko kalma ɗaya ba, amma sun gane abu guda sarai: ƙanen mutum, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke cikin motar, ya ƙi ya ce yayansa ba shi da laifi. Wata mata a baya ta ce "Uhm" a hankali, duk cocin ya ji.

Fasto Andrawus ya taso ya dafa shi. "Malam, ka yi mana da Hausar da tsofaffi za su ji. Me ya sa ba a ɗauki Mama a tafiyar farko ba?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Selina tana zaune cikin matan zumunta, ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa.

"Baba Fasto," in ji Malam Kalibu, "wannan tambaya ce da tarihi zai amsa nan gaba."

Tir. Ya koma ya zauna, shugaban sashensu ya miƙo hannu ya ce jawabin ya yi zurfi.

A Oktoban da ya biyo baya aka kira sunaye, ba a kira Ya'akubu ba. Susana ta sayar da injin ga wani mutumin Michika, ta kwashe kayanta ta koma Maiha gidan ubanta. Shi kuwa Malam Kalibu sai kasuwarsa ta buɗe. Ƙungiyoyin agaji suka cika jihar, kowace tana son taro a kan tunawa da yafiya da zaman tare, ga kuma malami ɗan ƙasa, wanda ya yi gudun hijira da ƙafarsa, wanda har ya rasa uwa da ɗan'uwa. Aka riƙa ɗaukarsa zuwa Yola, ɗakin taro mai sanyi, ruwan roba a gabansa. Yakan ba da labarin yadda ya tsira da littattafansa daga hannun maƙiyan ilimi, a tashi tsaye a tafa. Darasinsa da ya kusa mutuwa ya farfaɗo, aji ya cika har da na tsaye. Ya yi sabon kwat.

Selina ce ta kasa. Ta daina zuwa zumuntar mata, ta daina share falo, ta ce ƙurar kwali na sa ta tari. Wata safiya a farkon 2017 ta ce za ta kasuwa, ta shiga motar Maiha. Ta sami Susana tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Winifred na gefe ta dawo hutu daga makarantar jinya. Ta zauna a ƙasa ta faɗa musu komai, har da katifa, har da inda ita kanta ta zauna. Susana ba ta zage ta ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa hawaye na zuba cikin kwarya.

Su uku suka je wurin Fasto Andrawus. Tsohon ya yarda nan take, ya ce dama zuciyarsa ta gaya masa. Ya kai maganar gaban dattawa, dattawa suka ce al'ada al'ada ce. Ba a karanta wa mutum tarihi sau biyu, in aka fara, kowane gida zai zo da gyara. Kuma ba a karɓar maganar mace a kan mijinta yana raye yana zaune a bencin dattawa. Hanya biyu ce kawai ta rage. Ko dai Kalibu ya tashi wata Lahadi da bakinsa ya ba da shaida, wannan tuba ce, ƙofarta ba ta rufuwa. Ko kuma a faɗi labarin ranar a cikin tarihin wani wanda ranar ta shafa, in lokacinsa ya yi.

Sai Winifred ta ce, "Baba Fasto, in Baba ƙarami ya rasu, wa zai karanta nasa?"

Fasto ya lissafa a zuci. Matarsa ba za ta yi ba, Eric ɗansa ne ba zai yi ba, ɗan'uwa kuwa guda ne kuma yana ƙasa. Ya dube ta, ya ga ita kaɗai ta rage.

Fasto da kansa ya je ya gaya wa Kalibu hanyoyin biyu, ya roƙe shi ya ɗauki ta farko. Kalibu ya ce zai yi nazari. Lahadi ta zo ta wuce yana nazari, wata ta zo ta wuce. Sau ɗaya, lokacin da aka ce ko akwai mai shaida, an ga ya dafa benci kamar zai miƙe, sai ya gyara wando ya koma ya zauna. Mutumin da ya raina tatsuniyar gawa ya kai ga ba ya iya zuwa jana'izar kowa, in ma ya je, ana fara karanta tarihi sai ya fice. Ya daina cin gishiri, ya daina shan lemo, ya sayi na'urar awon jini, yana shan magani a kan lokaci kamar soja.

Winifred kuwa ta ɗauki zumunci da muhimmanci. Duk ƙarshen wata sai ta zo daga Maiha gaishe da ƙanen ubanta, kamar yadda ya kamata 'ya ta yi. Takan durƙusa har ƙasa, ta zauna a tabarma tana fuskantar kwalayen, ta yi tambayoyi cikin ladabi. Wace shekara ce ma ya shiga firamare? Wa ya yi masa baftisma? A jami'a me ya fi so? Duk rayuwarsa yana neman wanda zai damu da tarihinsa haka, ga shi ya samu.

Ran nan ya gwada sa'arsa. Ya cire tabarau, ya yi mata lakca mai tsawo, ya nuna mata cewa mai ba da tarihi na gaskiya ba ya yanke hukunci, domin babu labari guda, kowa da nasa.

"Na ji, Baba," ta ce. "Ai nawa zan faɗa. Gajere ne."

Ta tashi ta naɗe tabarma, ta leƙa kicin ta yi wa Selina sallama. A bakin ƙofa ta juyo ta sake rusunawa.

"Baba, ban ma tambaya ba. Yaya jikin?"

"Da sauƙi," in ji Malam Kalibu da sauri. "Da sauƙi sosai."

"To, Allah ya ƙara sauƙi," ta ce. "Sai wani watan."